Masu Tayar da Tashe Bayan Ya Kwanta

Yaron da ya ɗaura gemun auduga a azumin 2019 yana ɗan shekara 10, zuwa azumin 2025 ya zama saurayi ɗan 16. Muryarsa ta fashe, kunya ta kama shi, ko da kuɗi ba zai yarda ya duƙa da sanda a ƙofar gidan mutane ba. Yarinyar da ta iya kiɗan ƙwarya a wancan lokacin, wataƙila an riga an kai lefenta. Su kuwa ƙannensu da ya kamata su ɗauka daga bakinsu, sun tashi ne a shekarun da ba a fita. Duk mai maganar tashe a Kano da wannan lissafin ya kamata ya fara, domin tashe ba shi da aji, ba shi da ofis. Daga yaro yake zuwa ga yaro, cikin darare 20 kacal a shekara, daga 10 ga watan azumi zuwa jajibirin salla. In aka rasa dararen nan sau uku ko huɗu a jere, to babu mai miƙa wa na baya.

An kuwa rasa su. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012, dokar hana fita da shingayen bincike sun koya wa iyaye rufe ƙofa da wuri. Azumin 2020 ya kama mutanen Kano suna cikin kullen korona, wanda aka fara a tsakiyar Afrilu, kimanin mako guda kafin ganin wata. Daga 2022 kuma rundunar 'yan sandan jihar ta sha fitar da sanarwar dakatar da tashe, bisa hujjar cewa ɓata-gari na fakewa da shi su yi ƙwacen waya da faɗan daba. Hujjar ba ƙarya ba ce, kowa ya san abin da ke faruwa a wasu lunguna in dare ya yi. Sai dai a ganina yaro mai kiɗan gwangwani ne ya fi jin dokar a jikinsa, don shi ke jin magana. Mai wuƙa dama ba waƙa ta fito da shi ba.

Duk da haka tashe bai mutu ba, kuma ba shi ya raya kansa ba. A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kamar sauran unguwannin Kano, akwai wasu mutane da ba a san su da wani muƙami ba: malamin firamare, tela, malamar Islamiyya, tsohon ɗan ƙungiyar dirama da ya koma sayar da kayan masarufi. Su ne suka iya ɗauko wasan da ya yi shekaru a kwance su sa shi a bakin yaran da ba su taɓa ganinsa ba. Mutane na ɗaukar abin a matsayin sha'awa kawai. Ni kuwa gwaninta nake ganinsa, mai ƙa'idoji, kuma ta cancanci a bayyana yadda take.

Gwani ya san inda waƙar ta ɓuya. Kalmomin suna nan a rubuce, Muhammad Balarabe Umar ya tattara da yawa a littafinsa Wasannin Tashe tun 1981, ɗalibai kuma sun cika kundaye da su a sassan Hausa na jami'o'i. Amma takarda ba ta riƙe karin murya, ba ta nuna inda tafi ke faɗawa, ba ta ce ga inda mai bayarwa zai ja numfashi 'yan amshi su cafe. Wannan yana wurin mata, a tsakar gida. Sai dai ba a samunsa da tambaya kai tsaye. In ka ce, "Goggo, yaya kuke yin na Mairama da Daudu a zamaninku?" amsar da za ka samu ita ce, "Kai ɗan nan, ni da na tsufa, ina zan tuna?" Gwani ba ya matsawa. Sai ya zauna gefe tana tankaɗe, ya fara rera waƙar da gangan a karkace. Ba za ta iya jurewa ba. "A'a, ba haka ba ne, wa ya koya maka wannan shirmen?" Shi ke nan, ta ɗauka daga farko har ƙarshe, har da rangwaɗar.

Daga nan sai wata matsalar ta ɓullo. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba cikin ganuwa suke ba, unguwanni ne da suka cika da mutanen da aiki da kasuwa suka kawo daga ko'ina. Tsohuwar da ta tashi a cikin birni da wadda aka auro daga Dawakin Kudu da wadda ta zo daga Katsina, kowacce da nata karin, kuma kowacce ta rantse nata ne na asali. Wanda bai ƙware ba sai ya tsaya neman sahihin, ya ɓata wata guda yana alƙalanci. Gwani ya san wasan da ya yi yawo a baki shekaru aru-aru ba shi da sahihi guda. Yakan gwada duka a bakin yara, wanda ya zauna ba tare da an yi ta maimaitawa ba shi ne na bana. Sauran ya adana su, ya kuma yi wa kowace tsohuwa godiya kamar nata aka ɗauka.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne tsarin koyarwa. Da amshi ake farawa, ba da mai bayarwa ba. Sabon shiga yakan nemo yaro mai zaƙin murya ya ɗora masa komai, washegari a tura yaron makarantar kwana ko a sa shi jiran shago, wasa ya rushe. Gwani kuwa yakan tara yara 12 ko 15 ya sa amshin ya zauna musu daram, sannan ya riƙa juya bayarwa a tsakaninsu. Ɗan amshi yana jin baitocin mai bayarwa dare bayan dare, ba ya sanin lokacin da ya haddace su. Don haka a cikin kowane ayari akwai masu bayarwa biyu ko uku da ba su san kansu ba, kuma da gangan ake zaɓo su shekarunsu a jere: ɗan 12, ɗan 10, ɗan 8. A can baya kuma ga 'yan shekara biyar da shida, ɗaya riƙe da tocila, ɗaya da kwanon sadaka. Masu kallo na ɗauka rakiya suka zo. Su ne irin da manomi ke warewa ya rataye a rumbu tun kafin a fara cin sabon hatsi. In an hana fita shekara uku, daga cikinsu za a sami mai gemun auduga na gaba.

Shi ma mai bayarwa ba zaƙin murya ake fara dubawa ba. Ana neman yaron da ba ya dariya. Wasan barkwanci yana lalacewa ne a daidai lokacin da mai yinsa ya nuna ya san abin dariya yake yi. Tsoho da Gemu ba ya cin sunansa sai yaron ya yarda da gaske cewa bayansa na ciwo, Jatau Mai Magani kuma sai ya jero magungunansa da fuskar wanda ya yi imani da su. Sannan ana son mai karanta fuskar maigida. A ƙofar gida minti biyu ko uku gare ka kafin a ce "Allah ya ba da haƙuri." Yaron kirki yana gane wanda ya gaji, ya taƙaita, ya gane gidan da mata suka leƙo ta bayan labule, ya ƙara baiti.

Kayan kiɗa ba su da tsada: gwangwanin madara, galan, tsohuwar jarka, murfin tukunya. 'Yan mata sukan kifa ƙwarya a kan ruwa cikin baho, su rage ko su ƙara iskar da ke ƙarƙashinta har amon ya yi daidai. Ƙa'idar guda ce, kiɗa ya tsaya a ƙasan magana. Tashe zance ne da aka sa wa kari, in ba a ji kalmomin ba an yi hayaniya ne kawai. A nan ne maƙwabtaka da Titin Gidan Zoo ke zama jarrabawa. Ga situdiyo nan birjik, tafiyar 'yan mintuna daga Court Road, kuma kunnen yaran yau ya saba da fiyano da muryar da na'ura ta gyara. Da zarar an sake musu, sai su ɗora tashen a kan karin waƙar fim. Ba na ƙin waƙar fim, ita ma daga ƙungiyoyin dirama na unguwanni ta samo tushe, ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Amma waƙar situdiyo an gina ta ne don mutum ɗaya ya rera dubu su saurara, tashe kuwa an gina shi don duk wanda ke tsaye ya iya karɓa a zagaye na biyu.

Tayar da tsohon wasa rabin aikin ne. Inda ake gane gwani na gaske shi ne wurin ƙirƙiro sabo, na unguwar, wanda ba a taɓa yi a ko'ina ba. Ana farawa da hali, ba da mutum ba. Dillalin da ke sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ɗan adaidaita-sahun da kullum ba shi da canji. Mai maganin da ke tallar abin kunya da lasifika a bakin kasuwar Tarauni, ga yara ga surukai. Matashin da ke gaida mahaifinsa ido na kan waya. Ma'aunin da masu abin ke amfani da shi mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar bi: in unguwa ta iya nuna mutum guda ta ce "da wane ake," an yi cin mutunci, in kuwa kowa ya yi dariya yana ɗan sunkuyar da kai, an yi tashe. Shi ya sa kafin a fita ake gwada sabon wasa a gaban dattawa biyu ko uku a zaure. In ɗayansu ya ce, "Wannan baitin ku cire shi, zai taɓa gidan su wane," ba a musu. Haka kuma akwai tsofaffin wasannin da ke zolayar wata ƙabila ko mai wata naƙasa. A unguwar da maƙwabcinka na dama Bayarabe ne, na hagu Babarbare, gwani yakan bar irin waɗannan a littafi.

Amshin sabon wasa gajere ake yi, kalma uku ko huɗu, ya ƙare inda tafi zai sauka. Gwajinsa ba a wurin bita yake ba. In washegari aka ji yaron da ba ya cikin ayarin yana rera shi a hanyar ɗebo ruwa, ya yi. In ba a ji ba, a sake.

Jinkiri yana tsufar da barkwanci fiye da yadda yake tsufar da yara. Wasan da aka tsara kan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da mutane ke kwana a layin banki, in bai fita a azumin shekarar ba, bayan shekara biyu ya zama labari. Saboda haka masu dabara suna gina wasa hawa biyu. Amshi da halin da ake zolaya su ne dawwamammu, rowa da ha'inci da ƙarya ba sa tsufa. Baitocin da ke ɗauke da labarin shekara kuwa ana cire su a sa wasu. Har yanayi sai an yi lissafinsa, tunda azumi na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai ya yi shekara 33 kafin ya dawo inda ya tashi. Na 2012 a tsakiyar damina ya faɗo, na 2020 a zafin Afrilu da Mayu, na 2025 ya kama a farkon Maris, yanzu kuma hunturu ya nufa. Gemun auduga da bular fuska ba sa shiri da ruwan sama, ɗan shekara shida kuma ba ya jure sanyin dare da 'yar shara. Wanda ya tayar da wasan da aka ajiye, a wani yanayi daban yake tayar da shi.

Sai maganar izini, wadda yawancin masu sha'awa ke mantawa sai daren 10 ga wata. Gwani tun Sha'aban yake zuwa gaban mai unguwa. "Ranka ya daɗe, yara ne 15, ga sunayen iyayensu. Lunguna huɗu za mu bi, ba za mu tsallaka titi ba. Bayan asham za mu fara, kafin ƙarfe goma kowa na gidansu." Daga nan ya ga liman, ya ga 'yan sintiri, ya sami manya biyu da za su riƙa bin ayarin a baya. Taswirar tana kansa: Titin Zariya da gadar Dangi da Titin Maiduguri ba wurin yara ba ne da dare, kusa da Asibitin Malam ba a kiɗa, gidan da aka yi rasuwa ana wuce shi shiru. Rabon abin da aka samu kuma a gaban kowa ake yinsa, a daren, har mai riƙe tocila da nasa kason. Ayarin da rabo ya kashe ya fi wanda doka ta kashe yawa.

To, an yi duk wannan, an shafe Rajab da Sha'aban ana bita, an ɗinka ɗan tsumman ciki, an sayo auduga, sai ana gobe fita a ji sanarwa a rediyo cewa an dakatar. Nan ne ake ganin abin da ya raba gwani da mai sha'awa. Yara za su zo da jajayen idanu: "Malam, wahalarmu ta tashi a banza ke nan?" Amsar tana da gaɓa biyu. "Allah bai nufa ba bana." Wannan kowa ya iya faɗa. Gaɓa ta biyu ita ce sana'ar: "Gobe bayan la'asar ku zo, akwai baitin da bai zauna ba." Ba ya gardama da doka, ba ya fitar da 'ya'yan mutane a ɓoye. Amma ba ya barin wasan ya bar bakin yara. A yi shi a tsakar gida ga iyaye mata, a yi shi ranar rufe makaranta, a yi wa ango da abokansa in biki ya faɗo bayan salla. Haƙurin da ake yabo a wurin gwani ba na naɗe hannu ba ne. Mutum ne da ya yarda har zuciyarsa cewa ranar fita ba a hannunsa take ba, saboda haka bai ga dalilin ɓata rai a kanta ba, ya mai da ƙarfinsa kan abin da ke hannunsa. In ya ce "in Allah ya kai mu baɗi," ya riga ya san wane yaro ne muryarsa za ta fashe kafin baɗin, ya kuma fara shirya magajinsa.

Akwai malaman da ke ganin tashe shagala ce a watan ibada, kuma maganarsu ba abin yarwa ba ce, musamman a goman ƙarshe da masallatai ke cika da masu tahajjud da i'itikafi. Masu hankali a cikin masu tashe sun daɗe da karɓar wannan. Sukan tattara wasansu a goman tsakiya, su bar na ƙarshe ga masallaci. Darare 20 sun koma 10 ke nan, abin da ke ƙara nuna cewa ainihin aikin a sauran watannin yake.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan jira ba. A ƙauyen Obaramagau da ke Jamus, mutanen gari sun yi alwashi a 1633, lokacin wata annoba, cewa za su riƙa yin wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe kan rayuwar Annabi Isa bisa aƙidarsu ta Kirista. Sun fara a 1634, kuma duk shekara 10 suke yi. Na 1920 sai 1922 aka yi shi, na 1940 yaƙi ya cinye, na 2020 korona ta tura shi 2022. Mutum kusan 2,000 ke shiga, duk 'yan garin, maza kuma su bar gashi da gemu tun fiye da shekara guda kafin ranar. Abin lura shi ne ba sa zama jiran shekara ta goma, a tsakani suna ta ƙananan wasanni da horar da yara waƙa. A kusa da mu kuma, wasan Dodo da yara ke yi da azumi a Wagadugu ta Burkina Faso, fatake Hausawa ne suka kai shi tun ƙarni na 19, ga shi can har gasa ake shirya masa. Mu da muka ba da aro, namu ne ke neman wurin tsayawa.

A Kano ma wanda ke da gata ba ya ɓata. Nalako, sarkin gwagware, da fatunsa da layunsa da igiyarsa, sarauta ce da fada ta sani, ko an yi shekaru ba a fita ba akwai mai riƙe da ita. Hawan sallar Kano ya shiga kundin UNESCO a Disambar 2024. Tashen lungu ba shi da fada, ba shi da kundi, sai wannan tela da wannan malamar Islamiyya, da kuɗin aljihunsu suke sayen auduga.

Ƙaramar hukumar Tarauni mazaɓu 10 gare ta, daga Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Kudu zuwa Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku, kuma makarantun firamare masu katanga da ƙofa ba su yi mata ƙaranci ba. Ina roƙon shugabanninta da masu unguwanni da jami'an tsaro su zauna tun kafin watan Sha'aban su ware harabar makaranta guda a kowace mazaɓa, darare uku ko huɗu a goman tsakiya, da fitila da masu gadi a bakin ƙofa, yara su yi wasansu iyaye na kallo. Ɗan daba ba ya son wuri mai haske da ƙofa ɗaya. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwa a gidanku da ta yi tashe tana yarinya, kada ka jira azumi. Je ka zauna kusa da ita, ka kunna rikodar wayarka, ka rera mata shi a karkace.